Asabar, 21 ga Maris 2020: Likitan da ya dafe goshi

Ko kemis ban buɗe ba da safe ƙanena ya turo min wani guntun bidiyo a WhatsApp. Jiya Juma'a aka ɗauke shi a Fadar White House. Trump na yi wa 'yan jarida bayani kan korona, sai ya yi wa ma'aikatar harkokin wajensu shaguɓe, wai matattarar masu yi masa zagon ƙasa ce. Dattijon likitan da ke tsaye bayansa, Dakta Anthony Fauci, ya sunkuyar da kai ya dafe goshi, tafin hannunsa ya rufe fuska. Iyakar abin ke nan.

Kafin azahar na gan shi ya fi a ƙirga. An yanke shi, an maimaita shi, wani ya mai da shi sitika ya rubuta "idan maigida ya fara ba da labari gaban baƙi". Wasu na cewa dariya yake dannewa, wasu na cewa takaici ne. Har da masu tuna masa cewa su likitoci ne suka hana mu taɓa fuska. Mutum mai shekara 79, tun 1984 yake shugabantar cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, amma yau yaran unguwarmu da goshinsa suka san shi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a wannan zaman dai aka tambaye shi ko akwai hujjar cewa dangin kulorokwin na kare mutum daga cutar. Ya ce a'a, abin da ake da shi labarin ɗaiɗaikun mutane ne, ba gwajin da aka tabbatar ba. Wannan amsar babu wanda ya turo min ita. Sai da na zauna na nemo cikakken zaman da kaina, datata ta kusa ƙarewa.

Ni kuwa tun da Trump ya yabi maganin ranar Alhamis ban huta ba. Yau wani dattijo ya zo yana neman kwalin kulorokwin guda don iyalinsa. Na ce, "Baba, wa ba shi da lafiya?" Ya ce kowa lafiya lau, rigakafi ne. Na gaya masa a Legas har an kwantar da waɗanda suka sha ya wuce kima, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ja kunne. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shugaban Amurka ne fa ya faɗa." Ban sayar masa ba. Ina kallo ya tsallaka titi zuwa wani shagon.

Bayan isha'i na yanko wurin da Fauci ya ba da amsar, na rubuta bayaninta da Hausa, na tura zauren gidanmu. Yaya Babba kaɗai ta amsa, ta ce za ta karanta wa Inna da safe.