Kututturen da Ya Girme Ni a Ruwan Yauri

Har yau farfelar injin jirgin ruwana tana nan rataye a ƙusa cikin shagona. Kunnenta ɗaya ya cire gaba ɗaya, na biyu ya lanƙwashe kamar an tauna shi. Maiɗakina ta sha cewa in ba 'yan gwangwan su ba ni ko na goro, na ƙi. Ina so in riƙa ganinta.

Ni ba ɗan ruwa ba ne, fataucin albasa na gada. Kuɗin jirgi ne ya ishe ni, kullum na je ƙauyukan Gungawa na sayo kaya sai mai jirgi ya yanka mini abin da ya ga dama, shi ya sa na haɗa kai da ƙanena muka sayi namu na katako, muka ɗaura masa Yamaha mai doki 40. Wani dattijo Basarke da muke kira Baba, wanda tun kafin a haife ni yake cikin ruwan nan, shi ya yarda ya koya mini tuƙi. A watan Janairu muka fara, lokacin baƙin ruwa, wato ruwan da ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini ya ratso Mali da Nijar, sai cikin sanyi yake iso mu. Tafkin Kainji ya cika maƙil. Ko'ina ka duba ruwa ne shimfiɗe, sai ka ce ba abin da ke ƙarƙashinsa sai kifi.

Akwai wani wuri a hanyarmu ta dawowa inda Baba kan yi wani dogon zagaye. Ga tasha can kana hango ta, amma sai ya karkata jirgi ya yi gabas, ya bi ta bayan wani gungu, sannan ya dawo. Zagayen nan yana cin kusan minti 20, da man fetur kuma, a wannan tsada. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Daji ne a nan, ɗana." Na duba, ban ga ko ganye ba. Na yi dariya a raina.

Bayan na karɓi jirgin a hannuna sai na gwada miƙewa. Na wuce lafiya. Na sake a Fabrairu, lafiya. A Maris ma haka. Nan ne na cuci kaina, don sau uku ɗin nan suka sa na ɗauka na gano abin da tsoho bai sani ba. Har na riƙa faɗa wa abokai a kasuwa cewa tsofaffin nan tsoro ne kawai ya yi musu yawa.

Abin da ban lissafa ba, ruwan da na koyi tuƙi a kansa ba shi ne ruwan ƙarshen Mayu ba. Madatsar Kainji tana ta sakin ruwa don wutar lantarki duk tsawon rani, abin da ke shigowa daga sama kuwa ya ragu, tafkin yana sauka a hankali har sai farin ruwan damina ya zo wajen Agusta. Saukar ba ta taku ɗaya ko biyu ba ce, mitoci ne. Kuma ina gani da idona! Kullum tashar da muke ɗaure jirgi tana ƙara nisa, muna taka laka kafin mu kai gare shi, manoma suna bin bayan ruwan suna shuka. Ban taɓa haɗa wannan da wancan wurin ba. Wannan sakarcin ne ya fi ci mini rai, fiye da asarar kuɗin.

Ranar da abin ya faru muna ɗauke da buhu 32 na albasa, ni da ƙanena da yara biyu masu lodi. Mun makara, rana ta yi ƙasa tana dukan idona kai tsaye, fuskar ruwa duk ta zama kamar madubi. Na murɗa inji har ƙarshe don mu isa kafin magariba, tunda hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare.

Ban ga komai ba. Ƙara kawai na ji, gum, daga ƙarƙashin ƙafata, jirgin ya ɗaga gaba ya karkata, sannan inji ya yi tsalle sama kamar doki ya yi tutsu. Hannun tuƙin ya fizge daga hannuna, kafaɗata ta yi wata biyu tana tuna mini. Yaro ɗaya ya faɗa kan buhuna, Allah ya sa ba cikin ruwa ba, don rigunan ruwan da muka saya suna can ƙarƙashin kaya, mun mai da su matashin zama. Maƙallan injin suka kwance daga katakon baya. Igiyar da Baba ya tilasta mini in riƙa ɗaure injin da ita a jikin jirgi, wadda nake ganin ƙauyanci ce, ita kaɗai ta hana shi nutsewa.

Sai ruwa ya fara shigowa ta tsakanin katako biyu. Ƙanena ya cire rigarsa ya cusa a tsagar ya taka da ƙafa, yaran suka kama kwarfe ruwa da bokiti da kwanon abinci. Muka jefar da buhu 9 don jirgin ya ɗago. Ina kallon albasata tana yawo a kan ruwa. Da na zura gora don in tura mu, sai na ji ta daki itace, na matsa gefe, itace kuma. Muna tsakiyar dajin da Baba ya faɗa.

Masunta biyu da ke ɗaga taru suka jawo mu zuwa gungu, can muka kwana. Albasar da ta rage, wadda ta jiƙa, cikin kwana huɗu ta fara wari. Farfela sabuwa, gyaran giyar ƙasa, katako biyu, ladan kafinta, ga kayan da suka tafi. Ribar kakar nan gaba ɗaya ta bi ruwa.

Da na je gaida Baba ina jiran faɗa, bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Sannu da arziki. Kirya ce ka hau, ta girme ka." Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Ba duka itatuwan aka sare ba. Itacen da ya nutse gaba ɗaya kuwa ba ya ruɓewa da wuri tunda iska ba ta taɓa shi, balle kirya da ko a tudu gara ba ta iya mata. Rassan sun karye tuntuni, gangar jikin tana nan tsaye kamar turke.

Na ce masa ai an ce ruwa yana nuna abin da ke cikinsa. Ya ce a kogi mai gudu, haka ne. Dutse ko kututture yana tsaga ruwa, za ka ga ya rabu biyu kamar bakin kibiya mai kallon inda ruwan ke fitowa, ko ka ga ya yi ɗan tudu yana tafasa a bayansa. Tudun yashi kuma yana canza launin ruwa, ƙananan igiyoyi su taru a kansa. Amma inda tafki ya kwanta ba gudu, kututture ba ya motsa ko ɗigo. Can ido ba ya aiki, sai sani. Shi yana riƙe da hanyarsa ne da alamun tudu: ya daidaita wata tsamiya da hasumiyar masallacin wani ƙauye, muddin suna kan layi ɗaya yana cikin tsohuwar hanyar kogin, inda zurfi yake tun kafin madatsa. Zagayen da nake raina ashe kwarin kogin Kwara na asali yake bi.

Yanzu kafin in kwance jirgi sai na duba wani dutse a tasharmu in ga inda ruwa ya tsaya a jikinsa jiya da inda yake yau. In zan bi wurin da na yi ko mako biyu ban bi ba, yaro yana gaba da gora yana tokarawa, inji kuma a ƙasa-ƙasa, gudun da in na daki abu zan ji shi ne kawai, ba zai fasa ni ba. Ina tambayar masunta, su ne suka san kowane turke don tarunsu ya sha yagewa a kai. Jarkar da na gani tana yawo wuri ɗaya ba na kusantarta, ko taru ne ko mamari ko alamar da wani ya sa, duk ba alherina ba ne. Rana in ta dawo cikin idona, na fasa sauri. Rigar ruwa a jiki take, kowa, ko ya yi gunaguni don zafi.

Lokacin da labarin Patigi ya zo a Yunin 2023, jirgin 'yan biki da ya daki itace cikin dare a Jihar Kwara, mutum sama da 100 suka rasu, ban iya cin abinci ba ranar. Na san ƙarar da suka ji. Mu huɗu ne kawai da albasa, da sauran hasken rana, da masunta kusa.

Makon jiya wani yaro da ya sayi sabon inji ya wuce ni a daidai wurin nan, ya miƙe, yana ɗaga mini hannu yana dariya ganin na karkata gabas. Ruwa a cike yake, ya wuce lafiya. Na same shi a tasha na ce ya zo shago in nuna masa wani abu. Ya ce to, Alhaji, in ya samu sarari. Har yanzu bai zo ba.