Wai gidan ya girmi ƙasarmu

Aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni Ingila, rabo kuma ya jefa ni wani ƙauye a yankin Cotswolds, cikin Gloucestershire. Da wani dattijo nake kwana nake tashi, ƙafa ta fara gaza masa. Baba nake ce masa, har ya saba. Babu masallaci kusa, babu mai jin Hausa, sai tumaki da katangun dutse iya ganinka.

Gidan ƙarami ne, ginin ƙarni na 17. Da dutsen yankin aka yi shi, mai ruwan zuma idan rana ta haske shi. Rufin ma faifan dutse ne, manya a ƙasa wajen bakin rufi, suna ƙanƙancewa har zuwa ƙololuwa. Tagogin an raba su da ginshiƙan dutse, gilashin ƙanana ƙanana an ɗaure su da dalma, kuma da hunturu iska na shigowa ta nan ta ratsa ƙashi. Sai ka sunkuya kake shiga ɗakin girki. Da wani magini ya zo gyaran bango na ga ko kwano ɗaya na siminti bai taɓa ba, farar ƙasa ya kwaɓa da yashi. Ya ce siminti na kulle damshi cikin dutse har ya ruɓar da shi. Na tsaya a kansa na daɗe, domin abin da kakana ke faɗa ke nan a kan masu shafe ginin ƙasa da siminti.

A ranar ne abin ya faru. Matattakalar gidan ƙunci gare ta, katakon ya sha tafiya ya yi santsi, kuma ni ne ke tare Baba duk safiya idan zai sauko. Ɗansa ya zo daga Landan, sai na ce masa ya kamata a kafa ƙarfen dafawa a jikin bango kafin tsohon nan ya faɗi. Ya yi dariya a gaban maginin, ya ce ba haka ake yi a nan ba, gidan nan ya girmi ƙasarku.

Na yi shiru, domin takardar zamana a ƙasar nan da aikin take ɗaure. Amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

Batun doka gaskiyarsa ne. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke riƙe da ita, wadda ta ƙunshi wurare kusan 400,000. Mataki uku ne, namu yana na ƙasa, Grade II, inda sama da kashi 90 cikin 100 suke. Tun 1947 aka kafa tsarin, dokar da ake bi yanzu ta 1990 ce. Kariyar ta haɗa ciki da waje. Mallakarka ne, amma ba ka canza taga ko fasa bango sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini a rubuce, wanda ya yi gaban kansa kuma zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2. Duk wannan da ya faɗa mini da daɗin baki da na gode masa. Raini ne ban yafe ba.

Idan Najeriyar 1914 yake nufi, to. Amma ni ɗan cikin birnin Kano ne. Gidan Rumfa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe gidan sarauta ne. An fara ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga masallacin Juma'a da ƙasa da azara, ya tayar da bakan gizon da masana gini na Turai ke zuwa aunawa. Duk na jera waɗannan a raina cikin dare, ina kwance a ɗakin sama da bargo biyu, babu wanda zan faɗa wa.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne wayar Yaya a makon. Wani ɗan kasuwa ya taya gaban gidanmu, zai rushe soron kakanmu ya jera shaguna. Soron da ke da zankwaye huɗu, da rufin ɗaurin guga a ciki, inda Malam yake karantar da yara da asuba, inda aka ɗaura auren iyayenmu mata duka. Tun ina yaro nake ɗaukar wa magina ƙasa idan za a yi yaɓe kafin damina, ina jin warin makuba a hannuna har dare.

Na ce, Yaya, don girman Allah a bar soron nan. Ya ce, kai kana can kana karɓar fam, mu ne damina ke zubo wa ruwa a ka. Indararo ya karye, azara biyu gara ta cinye, maganin Hajiya kullum tashi yake, ga kuɗin makarantar yaran marigayi. Ban da bakin musa masa ko ɗaya. A nan, mai gida ko yana so ko ba ya so, hukuma na tsaye a kansa. Soronmu babu wanda ya rubuta shi a wata rajista, ganuwar ma da aka rubuta ana ta cin ta da rana tsaka.

Hajiya ta karɓi wayar ta ce ita dai a soron nan aka sauke ta tana amarya, ba ta so ta ga faɗuwarsa da idonta. Sai ta koma tambayata ko ina samun tuwo, ko sanyin ya ragu, ko na samu inda nake Juma'a. Na ce mata sai na shiga mota zuwa Gloucester, idan an ba ni hutu.

Na yi wa Yaya alkawarin kuɗin azara da na yaɓe daga albashin wata biyu masu zuwa, da sharaɗin a nemo magini na gargajiya, kada a kawo mai siminti. Ya ce zai zauna da Kawu da sauran magada, domin ba shi kaɗai ke da gidan ba, kuma biyu daga cikin ƙannenmu sun riga sun amince da tayin.