Zakara ɗaya ya cinye mini kaji 19

Har yau in na ji carar zakara da asuba sai raina ya sosu. Shekara uku ina tara kaji a gidanmu na Garin Malam, daga biyu har suka kai 26, da su nake sayen littattafan ƴan lakwal da cefanen sallah. A watan Janairu, hunturu na tsakiya, na ga wani jan zakara a kasuwa, ƙato, mai dogayen ƙafafu, ga araha. Na ce bari in gyara iri. Ina isowa gida na kwance masa ƙafa na sake shi cikin kajina. Ko kwana ɗaya ban ware shi ba.

Washegari na gan shi ya takure a gindin bango, fikafikai a sake, na ce gajiyar hanya ce. Kwana biyar bayan nan kajina suka soma: kashi kore tsanwa, baki a buɗe suna neman numfashi, ƙwai ya tsaya. Wata wake-wake da nake ji da ita wuyanta ya murɗe, kai na kallon sama, tana ta juyawa wuri ɗaya. Na sayo kafso wajen mai tebur, ina farkewa ina zuba garin cikin kaskon ruwansu safe da yamma. Kowace safiya sai na kwashe gawa biyu ko uku.

Sai da goma suka mutu na nemi likitan dabbobi. Ya ce, "Hajiya, wannan Niyukasil ce. Ko kafso buhu guda kika ba su, ba zai taɓa ta ba." Ya ce kafson nan maganin bakteriya ne, ƙwayoyin da ke rayuwa da kansu. Ita kuwa wannan birus ce, cikin ƙwayoyin jikin kazar take shiga ta hayayyafa, maganin ba ya samun abin kamawa. Na roƙe shi ya yi wa sauran allura a take. Ya ce rigakafi ba ya warkar da wadda ta kamu. Allurar rigakafin da likitocin suke yi, mai suna Ita-New, birus ɗin ne da aka kashe, a nuna wa jiki shi ya san abokin gabansa, kuma sai an yi sati biyu zuwa uku kafin jikin ya haɗa garkuwa. Tun bayan kaka ya bi unguwa yana yi, na ce masa sai wani jiƙon. Kuɗin allurar kajina duka bai kai rabin abin da na ba da a zakaran nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, kafin zuwansa na ɗauki uku masu kuzari na kai gidan ƙanwata a Karkada don su tsira. Ashe cutar na kai mata, domin kaza na iya ɗauke da ita kwana da kwanaki ba a ga alama ba. Nata ma suka zube. Ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa zafi.

Gawarwakin rami mai zurfi muka haƙa muka binne, ba jefawa a juji ba yadda na saba. Akurkin ma da ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, kawai na so in watsa, likita ya hana: kashin kaji yana kashe ƙarfin jabel. Sai da na kankare kashin na ƙone, na wanke da sabulu, sannan jabel, na bar wurin a buɗe rana ta duke shi. Har silifas ɗin da nake shiga da su na ware.

Bakwai suka rage. An yi musu allura, na rubuta ranar a bangon akurki da gawayi. Satin jiya aka kawo mini budurwar kaza kyauta daga Mirriya. Tana can bayan ɗaki cikin kwando ita kaɗai da kaskonta, yau kwananta takwas, kuma ba za ta ga ƴan'uwanta ba sai ta cika sati biyu.