Abin da gyaran Duesenberg ya koya mini game da riƙe hannu

Lokacin da na fara aiki a wani ƙaramin garejin gyaran tsofaffin motoci a jihar Indiyana ta Amurka, na shiga ne da tunanin cewa kanikanci ba baƙon abu ba ne a wurina, domin na yi shekaru ina sauke inji ina ɗorawa kafin in je can. A inda na taso, gwani shi ne wanda mota ta zo hannunsa a mace ta bar wurinsa da rai kafin la'asar, kuma ba mai tambayarsa inda ya jefar da tsohon ƙarfen da ya cire. Motar da ta fara warware mini wannan tunani ita ce Duesenberg ƙirar Model J, mai rufaffen bodi, wadda ta shafe shekaru a ajiye har fentinta ya tsattsage.

Sai mutum ya san yadda aka ƙera motar kafin ya gane dalilin da ake lallaɓa ta kamar ƙwai. Attajiri E. L. Cord ya sayi kamfanin Duesenberg a 1926, ya ce wa injiniyan kamfanin, Fred Duesenberg, ya ƙera masa motar da babu kamarta a Amurka, aka kuma baje kolinta a New York a Disambar 1928. Injinta mai silinda takwas a jere yana da ƙarfin doki 265, abin da ya yi wa sauran motocin zamanin fintinkau. Kamfanin yana sayar da shasi da inji kawai a kan dala 8,500, a lokacin da sabuwar Ford Model A ba ta wuce wajen dala 500 ba, sannan mai saye ya zaɓi maƙeran bodi irin su Murphy na Pasadena ko LeBaron ko Derham su ɗora masa jikin da ransa yake so. Ba a cika shekara ba kasuwar hannun jari ta rushe a Oktobar 1929, masu kuɗin da aka yi motar dominsu suka ragu, har kamfanin ya rufe a 1937 bayan ya ƙera kimanin 480 kacal. Saboda haka babu shagon da za ka shiga ka sayo ƙofarta, kuma ƙofar wata ba lallai ta zauna a jikin wata ba, tunda da hannu aka kwankwasa kowacce.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai na yi shi ne a mako na uku. Bodin irin waɗannan motoci falankin alminiyam ne da aka lulluɓa a kan firam na katakon wata bishiya mai ƙwari da suke kira ash, kuma an ba ni aikin share ƙurar katakon cikin ƙofar baya bayan an cire fatar da ke rufe da shi. Ganin katakon ya yi baƙi, sai na ɗauko samfefa na fara gogewa don ya yi haske, ina ganin alheri nake yi. Na goge kusan tafin hannu guda kafin in lura da wasu lambobi da aka rubuta da fensir, waɗanda rabinsu ya riga ya bi garin katakon ya zube ƙasa. Maigidana, dattijo mai ƙarancin magana, ya zo ya durƙusa ya daɗe yana duban wurin da tocila, sannan ya ce: “Yaro, kafintan da ya rubuta wannan ya daɗe da mutuwa, kuma ba zai dawo ya sake rubuta mana ba. Daga yau, kafin ka taɓa abu ka ɗauki hotonsa, kafin ka cire shi ka rubuta inda yake.” Bai ƙara ko kalma a kai ba, amma na kwana ina jin nauyin abin a ƙirjina.

Daga baya na fahimci cewa irin wannan rubutu shaida ce. Masu tara motocin nan sun fi son buɗaɗɗun bodi na tsere da yawon shaƙatawa, shi ya sa a shekarun baya aka sauke rufaffun bodi da dama aka maye gurbinsu da sababbin buɗaɗɗu domin farashi ya tashi. Yau mai saye yana bin lambar inji, wadda take farawa da harafin J, da lambar shasi, da lambar maƙerin bodi, yana son ya tabbatar tare suka fito tun asali, kuma ƙungiyar masu motocin Auburn da Cord da Duesenberg tana duba mota ta ba ta takardar shaida a kan haka. Abin ya fi tsanani ga Auburn 851 Speedster ta 1935, mai baya kamar gindin kwalekwale, wadda Gordon Buehrig ya zana, domin an yi kwaikwayonta masu yawa da bodin roba, alhali ta gaskiya tana ɗauke da ɗan allo a gaban direba da sa hannun direban tsere Ab Jenkins mai shaida cewa ta haura mil 100 a awa. Idan kuwa ƙaranci da tarihi suka haɗu a mota guda, kuɗin yakan wuce hankali: Duesenberg SSJ guda biyu rak aka yi a 1935, kuma wadda ɗan wasan fim Gary Cooper ya mallaka an yi gwanjonta a kan dala miliyan 22 a 2018.

Aikin da kansa ba ya karɓar gaggawa. Biyarin da karanshaf yake juyawa a kai ba a kwali ake sayo shi ba, narka farin ƙarfe mai laushi ake yi a zuba, sannan a daidaita shi sannu a hankali. Noti guda da ya yi tsatsa kan ci mini yini ina jiƙa shi da mai, domin maigida ya fi son tsohon noti da aka ceto a kan sabo mai ƙyalli. Na kuma ga motocin da aka yi musu gyaran da ya wuce kima, an shafe su da fenti mai sheƙin da masana'antar 1930 ba ta taɓa sani ba, kuma a ganina an yi musu asara ko da sun ci kofi. Shi ya sa na ji daɗi da na san gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya ta ware rukuni na motocin da aka adana ba tare da an sabunta su ba.

Mai motar tamu ya so a farko a sauya mata bodi, maigida ya zaunar da shi ya nuna masa hotunan katakon da ɗinkin ainihin fatar kujerun, har ya haƙura. Ranar da za mu mayar da fatar ƙofar baya, ni aka ba aikin. Na ɗauki hoton rabin lambobin da suka tsira, na rubuta a littafin motar cewa sauran sun goge a hannuna, na sa kwanan wata, sannan na mayar da tsofaffin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya a ramukan da suka fito.