Abin da na'urar auna ƙura ta koya mini

A aikin da muka yi kan hazon hunturu a Kaduna, darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa na'urar ƙirga ƙura haske take aunawa. Tana zuƙo iska ta bi ta gaban hasken leza, kowace ƙwaya ta watsa hasken, sai na'urar ta ƙiyasta girmanta daga yawan abin da ya watsu. An gina lissafinta ne a kan ƙwayoyi zagayayyu sumul. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi kuwa gutsattsari ne masu kusurwa, ragowar ƙasan tsohon tafki. Saboda haka lambar da ke fitowa a allo ƙiyasi ce, dole a san iyakarta kafin a kafa hujja da ita.

Can sama, wajen kilomita 20, lamarin ya fi sauƙi ta wannan fuska, domin ɗigon asid na farar wuta da ke shawagi a can zagayayyu ne. Daga 1971 Jami'ar Wyoming ta Amurka ta shafe shekaru masu yawa tana ɗaura irin wannan na'ura a balan-balan tana aikawa can. Dogon tarihin awon ya yi rana a 1991, lokacin da dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta, hayaƙinsa ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Naci irin wannan yana burge ni ƙwarai.

Mu a nan ƙura ba ita kaɗai take zuwa ba. Tana gauraye da hayaƙin ƙona daji da na itacen girki da na ababen hawa. Tauraron ɗan adam na CALIPSO, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, yakan harbo leza ƙasa ya bambanta ƙura da hayaƙi ta yadda hasken ke dawowa, ya kuma nuna tsayin da kowanne yake. Ƙaramar na'urarmu ta kan rufin ɗaki ba ta iya wannan.

Shi ya sa ba na rubuta wata lamba yanzu sai na haɗa da laimar iska da alkiblarta, da ranar da aka share bakin na'urar. Da damina ƙwayoyin hayaƙi kan sha laima su kumbura, na'urar ta ɗauke su manya alhali ruwa ne ya ƙara musu girma.