Godiya Ga Tsofaffin Abokan Aikin Baba Na CTV

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyalan gidanmu, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa aikin idon da aka yi wa Baba ya yi kyau. An cire yanar, an kwance bandeji, yanzu tun daga ƙofar zaure yake gane mai sallama. Alhamdu lillahi. Likitoci da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka da alheri. Maƙwabtanmu da suka yi mana gayyar yankan shinkafa muna can asibiti, ba don ku ba da tsuntsu ya gama da ita. Liman da jama'ar masallaci, mun ga amfanin addu'a.

Amma waɗanda suka sa ni wannan rubutu su ne tsofaffin abokan aikin Baba na gidan talabijin. Wani ne ya jefa labarin a zaurensu na WhatsApp, kafin mu ankara sun haɗa kaso mai tsoka na kuɗin aikin, alhali dukkansu 'yan fansho ne. Ranar Asabar kuma suka ciko mota har ƙauyenmu a ƙasar Bunkure, kowa da furfura, wani har da sanda. Ko gama gaisawa ba a yi ba ɗaya ya ce, "Alhaji, kai da ka shekara da shekaru kana leƙen duniya da ido ɗaya a kyamara, ai dole idon ya nemi hutu." Rabon da mu ji dariyar Baba haka tun kafin ciwon ya tsananta.

Yaran gida sun zagaye tabarma suna saurare, a nan na lura da yawansu ba su taɓa jin sunan CTV ba. Tashar da kuke kira ARTV, wadda ke Hotoro kan titin Maiduguri, asalin sunanta CTV 67. Gwamnatin marigayi Abubakar Rimi, wanda ya mulki Kano daga 1979 zuwa 1983 a jam'iyyar PRP, ita ta kafa ta, bayan rasuwarsa a 2010 ne aka sa mata sunansa. Kafin nan sai NTA, wadda tun 1977 take hannun gwamnatin tarayya, kuma a zamanin Rimi jam'iyyar NPN ce ke riƙe da gwamnatin tarayya a Legas. Ka ga dole Kano ta nemi bakin da za ta yi magana da shi. Ita kuwa 67 lambar zangon tashar ce a UHF, wato wani rukunin zangon talabijin da ba shi NTA Kano ke kai ba, shi ya sa sai da mutane suka nemi wata eriya daban, a ɗaure ta a kan doguwar gora, yaro na juyawa ana yi masa ihu daga ciki: "Tsaya, tsaya, ta kawo!"

Wahalar aikin ce ta fi ba ni mamaki. Lokacin Jigawa ba ta fita daga Kano ba, sai 1991, don haka Haɗeja, Gumel, Kazaure da Birnin Kudu duk nasu ne su je su ɗauko. Kyamara daban, rikoda daban, waya ce ta haɗa su. Baba na saɓe da kyamara a kafaɗa, wani na rataye da rikoda yana bin sa ƙafa da ƙafa, in ɗaya ya yi tuntuɓe duka sun faɗi. A haka suke shiga tsakiyar dawakai ranar Hawan Daushe. Wanda ya riƙe wa Baba rikodar yana cikin masu dubiyar, har yau kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka.

Su ne suka kawo mana tafsirin azumi, labarai da Hausa, shirin manoma da wasan kwaikwayo. Mu nan da ba mu da wuta, da batirin mota ake kunna talabijin ɗin mai unguwa, mai baƙi da fari, a ɗora ta kan dakali gari ya taru. A ganina wasan kwaikwayon nan ba a ba shi haƙƙinsa ba. Da yawa daga waɗanda suka fara finafinan Hausa na kaset a wajajen 1990 daga ƙungiyoyin wasan talabijin suka fito, amma yau in ana tarihin fim sai a tsallake masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti kamar ba su yi ba.

Babbar kyautar da suka zo da ita wani tsohon hawan Sallah ne na zamanin Sarki Ado Bayero, wanda Baba ya ɗauka da hannunsa. Ɗaya daga cikinsu ya adana kaset ɗin a gida, ɗansa ya juye shi a waya. Baba ya kalla tun daga farko har ƙarshe, yana ta ƙorafin cewa a wuri kaza hannunsa ya girgiza. Mu dai ba mu ga girgiza ba.

Iyayenmu, mun gode. Allah Ya bar zumunci, Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinku. Roƙona ga jama'a: duk mai tsohon kaset na shirye-shiryen CTV a ƙasan akwati, kada ya bari gara da zafi su cinye shi. A yi min magana ta saƙo, dattawan sun ce suna da mai juyewa.

Masu son zuwa dubiya kuma, bayan la'asar ya fi. Likita ya hana shi ƙura da hayaƙi da sunkuyo mai yawa, ya kuma ce kada a ɗiga masa komai a ido sai maganin asibiti. Don haka gwaggonninmu masu zuwa da kwalli da jiƙo, mun gode ƙwarai, amma a bar su a gida tukuna.