Yau mun taɓa gaban Fijon Alhaji

Asabar. Tun bayan asuba na fita, sanyin Jos ɗin nan na hunturu yana shiga har ƙashi, motar ma sai da na yi mata ki uku kafin ta yarda ta tashi. Bambar da na samo a Dilimi makon jiya tana kwance a kujerar baya, na naɗe ta da tsohon bargo, kai ɗaya ya leƙo ta taga, haka na bi a hankali har Farin Gada wajen Baba mai fanel.

Motar nan 504 ce salun, ta marigayi Alhajinmu, haɗin Kaduna, tun kafin a haife ni take gidanmu. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968, a 1969 ta ci motar shekara a Turai, sai 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, shi ya sa duk wanda ya tashi a Arewa ya san ta, a da motar gwamnati ita ce, motar haya Jos zuwa Bauchi ita ce. Tamu kuma shekarun baya wani ya buge ta ta gaba, wanda ya gyara a lokacin bai nemo bamba ba, sai ya lanƙwasa fayif ya haɗa da angil ayon ya walde shi kai tsaye a jikin motar ya shafa baƙin fenti. Alhaji bai taɓa son abin ba, kullum in zai wanke ta sai ya tsaya ya kalli wajen ya yi shiru. To ni abin da ke raina ke nan, in mayar mata da fuskarta ta asali, farar bamba mai ƙyalli da robobinta biyu.

Ni a tunanina aikin awa biyu ne, a yanke fayif, a ɗaura noti huɗu, in koma gida. Baba ko kallon bambar bai yi ba da farko, ya ce a cire kan batir, ya shiga shago ya fito da maganaɗisun tsohuwar sifika, ya riƙa bin ƙarfen da ke ƙarƙashin fitilu da shi a hankali. Ta dama yana kamawa ƙam, da ya zo hagu sai kawai ya faɗo ƙasa cikin ƙura. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, nan ba ƙarfe ba ne, fila ce." Fila ita ce abin nan mai kama da ƙullu da masu fanel ke shafawa su cike inda mota ta lotsa. Da yaronsa ya sa giraina farar ƙura ta tashi, wallahi kaurin filar ya kai yatsana, ƙarƙashinta ragar waya aka cusa aka toshe rami, gefen ramin duk tsatsa ta cinye kamar ganyen da tsutsa ta bi. Raina ya ɓaci sosai, don shekara da shekaru muna goge wajen nan da tsumma ba mu san abin da ke ciki ba.

Aka yanke fayif ɗin, aka ɗaga bambar mutum biyu suka riƙe don gwaji, sai ga matsala, ta dama ta zauna daidai, ta hagu kuma kusurwarta tana gogar fenda, ramin noti ya kauce. Yaron ya ce ai abu mai sauƙi ne Oga, a ɗan yanke bakin fendar a huda sabon rami shi ke nan, kuma gaskiya na kusa cewa to, don rana ta fara yi ga yunwa. Baba ya ce ba za a yanke ba. Ya ce bambar nan a miƙe take yadda ta fito, motar ce ta karkace, in ka yanke jiki don ya bi bamba ka ɓoye ciwo ne kawai, kuma fendar 504 ta asali in ka lalata ta yau ba lallai ka samu irinta gobe ba. Ya sa aka tura motar kan simintin da ke daidai, aka duba iskar tayoyi, ya ɗauko tef ya auna daga ƙasa zuwa kowace ƙafar shasi, sannan ya auna a gicciye, kusurwa zuwa kusurwa. Ta hagun ta shige ciki da kusan inci ɗaya tun wancan karon. Ya nuna min cewa ita wannan motar ba ta da shasi daban irin na tifa, jikin ne shasin, ƙafafun nan biyu da bamba ke ɗaure a kai su ne ƙashin gaban gaba ɗaya.

Nan aikin ya koma wani abu daban. Sarƙa aka ɗaura a ƙafar hagu aka kai ta jikin turken ƙarfe, ana ja kaɗan kaɗan, Baba yana bubbuga wajen da ya tattare da guduma, ya tsaya ya auna, a sake ja, ya sake aunawa, ya fi sau goma. Bai yarda a gasa wajen ya yi ja ba, wai wuta da yawa tana kashe ƙarfin ƙarfe. Bayan azahar ya koma kan ramin tsatsar, ya yanke har sai da ya kai ƙarfe mai lafiya, ya ɗora kwalin sabulu ya zana siffar ramin, ya fitar da ita a kan kwanon tsohuwar ƙofar mota, ya lanƙwasa ta a kan guntun dogo. Waldar ce ta fi burge ni, ba ya jan ta a tsaye, ɗigo ɗaya nan ɗigo ɗaya can nesa, ya bari ya huce, ya dawo ya cike tsakani, don kwanon siriri ne in ya sha zafi waje ɗaya sai ya kumbura. Warin kabaid ya cika wajen, ni ina tsugune ina riƙe masa filaya, hannunsa duk tabon wuta amma ko rawa ba ya yi.

Tsofaffin ramukan da mai fayif ya huda guda shida duk ya toshe su da ƙarfe, ba fila ba. Bireket ɗin hagu da ya zo da bambar ya ɗan murɗe, shi ne kaɗai ya gyara a kan maƙera.

Wajen la'asar sakaliya aka sake gwadawa, noti ya shiga da hannu ba a tilasta shi ba, tazarar bamba da fenda yatsa ɗaya dama yatsa ɗaya hagu. Na ja baya na tsaya ina kallo, sai na ji idona ya ciko, don yadda take ke nan a hoton da ke falon Hajiya, Alhaji ya jingina da bonet. Baba ya ce kar in yi murna tukun, a sake kwance ta, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, fila kuma sai Litinin, ita ma shafi ɗaya siriri. Ta bayan motar kuwa ya ce ba zai kusanto da wuta ba sai an sauke tankin mai.

A can na bar motar na hau keke napep zuwa gida da bargon a hannu. Na nuna wa Hajiya hoton a waya, ta daɗe tana kallo, ta ce in an gama in kai ta Bukuru a ciki ta gaida Yaya.